Gargaɗi ga Mazaje da Waliyyai bisa Cutar da Nakasassun Mata a cikin Gidaje

Da sunan Allah mu ke farawa, gare Shi mu ke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da matansa iyayen muminai.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, malamai da alƙalai da masu unguwanni da magidanta, ku sani wannan takarda ba ta da daɗin ji, ba kuwa domin daɗi aka rubuta ta ba. Magana ce bisa wani zalunci da ya ke aukuwa a bayan zaure, inda baƙo ba ya shiga, maƙwabci kuwa ya ji ya yi kamar bai ji ba. Watau cutar da a ke yi wa makauniya da gurguwa da kurma da kuturwa da mai farfaɗiya da mai taɓin hankali, a ɗakin aurensu ko a gidan ubanninsu. Mutanen zamani sun sake musu suna, suna ce da su masu buƙata ta musamman. Sunan ya yi kyau. Amma marin hannu da marin ƙarfe suna nan inda su ke.

Kada wani ya ce waɗannan mata kaɗan ne. Ku tuna sanƙarau na shekarar 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, da yawa cikin waɗanda su ka tashi kuwa su ka tashi ba ji. Ku tuna shekarar 2003 da aka tsai da rigakafin shan inna a Kano, ba a koma ba sai 2004, cutar ta bazu ta shanye ƙafafun yara. An shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a 2020, alhamdu lillahi, amma ƙafar da ta shanye ba ta komo ba. Ga waɗanda ƙyanda ta makantar, ga na amosanin ido, ga waɗanda doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari da jan ƙafa, su na jiran ɗinki a Babbar Ruga ta Katsina. Yarinyar da ta kurumce a 1996 yau matar wani ce. Wadda shan inna ya kama a 2003 yau ta isa aure, ko ta yi. To, a hannun wa su ke, kuma yaya a ke da su?

Masu ilmin boko sun fassara mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 mutum 16 cikin 100 na mutanen duniya su na da wata nakasa. A 2021 kuma ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa gamuwa da duka ko tilastawa a rayuwarta, mafi yawa daga hannun namijin da ta ke tare da shi. A 2012 wata jaridar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta tara binciken ƙasashe, ta fitar da cewa babban mutum mai nakasa ya fi mai lafiya haɗuwa da cutarwa da kamar rabi, mai ciwon hankali kusan ninki huɗu, yaro mai nakasa shi ma kusan ninki huɗu. Wannan lissafin Turawa ne. Mu ba mu bukatar lissafi kafin mu san abin da kunnenmu ya ke ji ta kan katanga.

Fasali bisa bambancin namiji da mace cikin wannan al'amari

Ku ɗauki mutum biyu, ciwo ɗaya ya makantar da su, shekara ɗaya, gari ɗaya. Namijin sai a kai shi makarantar allo, ya haddace, a ce da shi Alaramma, a ba shi mata, wani lokaci har biyu ko uku. Kadan bai yi karatu ba ya kan tufka igiya, ko ya fita bara da ɗan jagora, kuɗin da ya samu aljihunsa ya ke shiga. Ya na da Sarkin Makafi da zai kai wa ƙara. Ya dawo gida a kawo masa ruwa a durƙushe, zama shi ne mai gida. Hakanan gurgu, ya kan hau kekensa ya shiga kasuwa, ya yi gyaran takalmi ko saye da sayarwa, ya zauna majalisa a yi hira da shi. Cutar da ta ke samunsa a waje ta ke samunsa: yara su yi masa ature, mai mota ya wuce shi, a hana shi aiki, a ba shi kuɗin jabu domin ba ya gani. Wannan duka zalunci ne, mun kuwa yi tir da shi. Amma da magariba ya na da gidan da zai koma ya huta.

Ita fa? Ita gidan shi ne wurin cutar. Tun ta na ƙarama a ke ɓoye ta in an yi baƙi. Ba a kai ta makaranta, a ce wa zai riƙa ɗaukarta. Sa'ad da ta balaga sai tsoro ya kama iyaye kada wani ya lalata ta, sai a nemi wanda zai karɓa a ba shi, tsoho ne, mashayi ne, mai mata uku ne, ba a tambaya. A kira wannan auren taimako. Daga ranar da aka kai ta an riga an gaya mata, an kuma gaya wa mijin, alfarma ya yi. Wanda ya shiga aure ya na ganin alfarma ya yi ba ya ganin akwai wani hakki a kansa. Kowace safiya sai ya tuna mata: in ba ni ba wa zai kwashe ki?

Sa'an nan ku dubi irin cutar, domin ba irin wadda a ke yi wa mace mai lafiya ba ce kaɗai. Mace mai lafiya a kan zage ta, a kan doke ta, a kan hana ta abinci. Wannan duka ya na samun nakasasshiya, da ƙari a kai wanda sai ita. A ɗauke wa gurguwa sandar dogarawa a rataye inda hannunta ba ya kai, ko a sa wa kekenta kwaɗo. A ƙi kai ta bayan gida har ta ɓata tufafinta, kana a tara yaran gida su yi mata dariya. A gusar wa makauniya da kayan ɗakinta domin ta yi tuntuɓe, kishiya ta ajiye mata garwashi a hanya, a zuba mata ƙasa a tuwo a ce ai ba ta gani. A yi zancen kurma a gabanta a na dariya, ita ma ta yi murmushi, ba ta san ita a ke ci ba. A hana mai farfaɗiya maganin asibiti domin ya na cin kuɗi, in ta faɗi a ce aljanu ne, a kirawo mai ruƙiyya ya yi ta zabga mata bulala wai aljani ya ke duka. Wallahi fatar da ta ke fashewa tata ce. Akwai kuma wanda ya ke fitar da matarsa da asuba ya ajiye ta bakin titi ko ƙofar masallaci, da la'asar ya zo ya juye kwanon a aljihunsa, kadan bai cika ba ta kwana da yunwa. Wannan ba miji ba ne, mai jaki ne, mai jakin ma ya kan ba jakinsa dusa.

Abin da ya fi wannan muni kunya ta hana a faɗa, amma tilas a faɗa. Kurma da mai taɓin hankali su ne mazinatan gida su ke nema, ƙanen miji ko ɗan kishiya ko mai haya ko kawu, domin sun san ba ta iya ba da labari, in ta bayar kuwa ba a gaskata ta. Sai ciki ya fito, sa'an nan a doke ta a ce ta jawo wa gida abin kunya. Wanda ya yi ya na zaune cikin masu dukan.

In wani ya ce: ai akwai maza nakasassu da matansu su ke wulaƙantawa, sai mu ce gaskiya ne. Akwai tsohon da ya makance matansa su ka juya masa baya, 'ya'yansa su ka cinye gonarsa ya na raye. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ka bar shi cikin ƙazanta. Alhakinsu na kan wanda ya yi. Amma ku duba: igiyar aure a hannunsa ta ke, gidan nasa ne, danginsa su na shiga su na fita, abokansa na masallaci in ba su gan shi ba kwana biyu su kan tambaya. Wa ya ke tambayar matar da ba a taɓa gani a waje ba? A watan Satumba na 2019 'yan sanda su ka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna su ka fito da maza da yara kamar 300, waɗansu da mari a ƙafa, duniya duka ta ji. An gan su domin an tara su wuri ɗaya. Mata ba a cika tara su ba. Kowace ta na ƙuryar gidansu ita kaɗai, a ɗakin da a ke ajiye tarkace, ba ɗan sandan da zai shiga.

Kuma ku lura da yaji. Yaji shi ne makamin matan ƙasarmu tun kaka da kakanni: in wuya ta yi wuya ta ɗauki mayafi ta tafi gidansu, sai miji ya yi biko, manya su zauna. To, gurguwar da aka kulle kekenta da me za ta yi yaji? Makauniya ɗan jagoranta ɗan mijin ne, zai kai ta? Kurma ta isa gidansu, da wane baki za ta yi bayani? In ma ta isa, uban da ya yi murnar sauke nauyi ba ya son nauyin ya dawo. Kafin ta sha ruwa an ce mata yi haƙuri, an sa yaro ya mai da ita. Mijin ya ga an dawo da ita ba ko faɗa, ya san daga yau ba mai hana shi kome.

Fasali bisa abin da shari'a ta ce

Yanzu ga maganarmu da malamai, domin da bakinsu a ke rufe wannan ɓarna. Su kan ce mata haƙuri, su kawo labarin baƙar matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta zaɓi haƙuri da ciwonta domin Aljanna. Labarin ingantacce ne, ya na cikin Buhari. Amma haƙurinta bisa ciwon da Allah Ya ɗora mata ne, ba bisa sandar miji ba. Kuma abin da ta roƙa shi ne a yi mata addu'a kada jikinta ya buɗe in ta faɗi, aka kuwa yi mata. Mutuncinta aka tsare. Yaya za a ɗauki hadisin tsare mutunci a mai da shi hujjar keta mutunci? Muslimu kuma ya ruwaito labarin wata mace mai rauni a hankalinta da ta ce ta na da bukata wurin Annabi, ya tashi ya bi ta zuwa hanyar da ta zaɓa, ya tsaya har ta gama maganarta. Alƙalinmu na yau in irin wannan mace ta shigo, sai ya ce a fitar da ita a kirawo waliyyinta, alhali waliyyin ta zo ƙara.

Duk almajiri ya haddace Suratu Abasa, ya san saboda makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladani tare da Bilalu, a kan kuma bar masa riƙon Madina in an fita yaƙi. Mu na karanta ta a salla, mu na kuka, mu koma gida mu ɗaure wa makauniya fuska. Ko mu na zaton domin makaho namiji kaɗai aka yi wannan faɗa?

Su kan ce kuma: ai an halatta ladabtarwa. To, mu buɗe littattafan da mu ka karanta a zaure. Malamanmu na Malikiyya ba su ambaci duka ba sai ga mai tsiwa da ta fita daga biyayya da gangan, bayan wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa, da sharaɗin kada ya yi rauni ko tabo, da sharaɗin a yi zaton zai yi amfani. Haka ya ke a Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa. Shin makauniyar da ta zubar da miya domin ba ta ga tukunya ba, tsiwa ta yi? Kurmar da aka kira ba ta amsa ba, taurin kai ne? Gurguwar da ba ta gama daka da wuri ba fa? Wanda ya doki mace bisa abin da Allah bai ba ta iko a kai ba, da Wanda ya halicce ta ya ke faɗa. Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike, ya kawo a Ahkamul Ƙur'ani cewa Aɗa'u ɗan Abu Rabaha ya na ganin kada miji ya doki matarsa ko da ta saɓa masa, iyakarsa ya yi fushi. Wannan Aɗa'u, muftin Makka, masu tarihi sun siffanta shi da gurgunta da shanyewar hannu, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya makance. Uwar muminai A'isha kuwa ta shaida Annabi bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba.

Ga waɗansu mas'aloli da a ke ɓoye wa waɗannan mata, mu kuwa za mu faɗe su a fili domin wanda ya karanta ya karanta wa wadda ba ta gani, ya kwatanta wa wadda ba ta ji. Aibobin da su ke ba miji zaɓin mai da aure an ƙidaya su a Risala, su ne hauka da kuturta da albaras da ciwon da ya ke hana kwanciyar aure. Makanta da gurgunta da kurumta ba su ciki, sai fa in ya sharɗanta lafiya tun wurin ɗauri. Wanda kuma ya san aibi ya yarda ya shiga, zaɓinsa ya faɗi. Saboda haka sadakinta nata ne cikakke, ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kansa kamar na kowace mace, rabon kwana tsakaninta da kishiya daidai ne. Kuɗin da ta samu, na sadaka ne ko na kitso ko na saƙa, nata ne, cinsa ba da daɗin ranta ba haram ne.

Kuma a mazhabar Maliki mace ta na da ikon neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. Ba ta mai da sadaki a wannan rabuwa. In ma an matsa mata har ta fanshi kanta da hul'i, kana aka tabbatar cutarwa ce ta sa, a kan mayar mata da dukiyarta. Ibnu Asim ya bayyana a Tuhfa cewa cutarwa ta na tabbata da shaidu ko da jin da ya yaɗu a cikin mutane. Malamanmu sun karɓi shaidar makaho bisa abin da ya ji in ya gane murya, sun karɓi nunin bebe in a na fahimtarsa. To, kurame a ƙasar Hausa su na da maganar hannu da su ke yi tun da daɗewa, a Kano kuma ga makarantarsu a Tudun Maliki ta na yaye masu karatu da rubutu. Me ya hana kowace kotu ta san inda za ta samo tafintan kurame? Alƙalin da ya sa ɗan'uwan miji ya zama tafintan matar da ta kawo ƙarar miji, ya ba kura ajiyar nama.

Hukuma ma ta na da nata laifi. A dokar laifuffuka da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960 aka sa sashe na 55, wanda ya ɗauke laifi daga mijin da ya doki matarsa da sunan gyara muddin bai yi mata mummunan rauni ba, mutane da yawa su ka tashi su na zaton wannan daga shari'a ya ke. Daga baya an yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, wadda ta fara da Abuja, sai jiha ta karɓa kafin ta yi aiki a cikinta. A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya saɓa, ta hana a yi amfani da nakasasshe wurin bara, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen hukuma yadda keken guragu zai shiga. Shekara biyar sun cika a 2024. Ku je ku ƙirga matakalar kotun garinku. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya tashi da maganar dokar iyali da za ta hana dukan mata, waɗansu masu rawani da carbi su ka yi masa ca, kamar dukan mace rukuni ne na shida.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albabi bisa barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci su na karantar da almajiran waje. 'Yarsa Nana Asma'u ba ta tsaya ga zargi ba, ta naɗa jajis, dattawan mata, su na shiga ƙauyuka da gidaje su na kai wa mata ilmi inda su ke. Yau ma akwai masu shiga inda namiji ba ya shiga: ungozoma da mai kitso da malamar Islamiyya da mai kai talla da masu ɗigon rigakafi. Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu mata, kun ji abin da Ibnu Asim ya ce, jin da ya yaɗu hujja ce a gaban alƙali. In kun ga tabo a jikin wadda ba ta iya faɗa, ko kun ga ɗaki da kwaɗo ta waje a na tura kwano ta ƙarƙashin ƙofa, ku gaya wa liman, ku gaya wa mai unguwa, in sun yi shiru ku wuce su zuwa alƙali. Ku tafi ku biyu ko uku, kada a ce ƙiyayyar mutum ɗaya ce. Liman kuwa in an zo ɗaurin auren kurma ko makauniya, kada ya karɓi goro sai ya aika mata biyu amintattu waɗanda ba na gidan ba, su shiga su tambaye ta da hanyar da ta ke ganewa ko ta san mutumin, ko ta yarda, kuma a hannun wa sadakin ya ke. Wassalamu.